Maginan Halo: Yadda Forerunner Suke Ƙera Duniyoyi a Sararin Samaniya

Wasannin bidiyo na almarar kimiyya suna da wani salo da suka daɗe suna maimaitawa. Ɗan wasa zai isa wani lungu na sararin samaniya ya tarar da ginin da girmansa ya fi ƙarfin hankali, masu ginin sun ɓace tun dubban shekaru, na'urorinsu kuwa suna nan suna aiki. A wasan Mass Effect na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2007, akwai birnin Citadel mai tsawon kusan kilomita 45. A Outer Wilds na 2019 akwai kangayen al'ummar Nomai. Amma wasan da ya fi kowanne zurfafa bayani kan yadda ake irin wannan gini shi ne Halo, da tsohuwar al'ummarsa da ake kira Forerunner.

Wasan farko, Halo: Combat Evolved, ya fito ranar 15 ga Nuwamba, 2001. Kamfanin Bungie ne ya ƙirƙire shi, Microsoft ya fitar da shi a kan na'urar Xbox. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2552, lokacin da wani jirgin yaƙin 'yan Adam mai suna Pillar of Autumn, yana gudun haɗakar halittun da ake kira Covenant, ya ci karo da wani ƙaton zobe yana shawagi kusa da wata duniyar iskar gas. A fuskar zoben ta ciki akwai tekuna da duwatsu da dazuzzuka da dusar ƙanƙara. Wanda ya tsaya a kai zai ga ƙasa ta miƙe gabansa, ta tanƙwara sama, ta bi ta saman kansa, ta sauko ta bayansa.

Tambayar da ke biyo baya ita ce, ta yaya ake gina irin wannan abu? Amsar tana warwatse cikin wasanni da littattafai na tsawon shekara ashirin, musamman littattafai uku na marubuci Greg Bear: Cryptum a 2011, Primordium a 2012, da Silentium a 2013. Idan aka haɗa su wuri guda aka gwada su da lissafin kimiyya, sai a ga wani ɓangare na amsar yana da tushe mai ƙarfi, wani ɓangare almara ce tsantsa, sannan akwai ɓangare na uku wanda ya shafi siyasa, kuma shi ne ya fi ɗaukar darasi.

Abin da aka gina

Zobban Halo guda bakwai ne. Kowanne faɗinsa daga gefe zuwa gefe kilomita 10,000 ne. Faɗin duniyarmu kilomita 12,742 ne, na wata kuma 3,474, wato wata zai wuce ta tsakiyar zoben ba tare da ya kusanci ko'ina ba. Kewayen zoben ya kai kilomita 31,400, shimfiɗar da ake takawa kuma faɗinta kilomita 318. Idan aka ninka waɗannan biyu za a sami fili kusan murabba'in kilomita miliyan 10, wanda ya ɗan ɗara hamadar Sahara, ya kuma kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nahiyar Afirka.

Duk wannan ƙasa da ruwa rufi ne kawai. Zobban makamai ne. Forerunner sun shafe kusan shekara 300 suna yaƙi da Flood, wata halitta mai shiga jikin masu rai ta mallake su ta mayar da su sojojinta. Da suka ga babu nasara, sai suka yanke shawarar kashe ta da yunwa. Kowane zobe yana harba wani irin haske da ke hallaka duk halitta mai ƙwaƙwalwa da jijiyoyi har nisan shekarar haske 25,000. Shekarar haske ɗaya ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Idan bakwai ɗin suka harba tare, sun share gungun taurarinmu na Milky Way baki ɗaya. A labarin, an harba su kimanin shekara 100,000 da suka wuce, mafi yawan Forerunner ɗin kuma suka mutu tare da abincin abokin gabarsu.

Dalilin zaɓen zobe

Siffar zobe ta girmi wasan Halo. A 1970 marubuci Larry Niven ya fitar da littafin Ringworld, inda zoben ya kewaye tauraro gaba ɗaya, nisansa da tauraron kusan nisan duniyarmu da rana. A 1975 wani taron nazari da hukumar NASA ta shirya tare da Jami'ar Stanford ya zana matsuguni mai siffar zobe, faɗinsa kilomita 1.8, mai ɗaukar mutum 10,000, yana juyawa sau ɗaya a minti. A 1987 kuma Iain M. Banks ya kawo zobba masu faɗin miliyoyin kilomita a littafinsa Consider Phlebas. Zoben Halo yana tsakanin waɗannan: ya fi na Stanford girma sau dubbai, amma kusa da na Niven ɗan mitsitsi ne.

Abin da ya haɗa su duka shi ne matsalar nauyi. A sararin samaniya babu abin da zai riƙe mutum ko ruwa ko iska a kan shimfiɗa, sai an samar da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce juyawa. Wanda ya taɓa ɗaura igiya a guga mai ruwa ya wulwula shi sama da kansa ya san ruwan ba ya zuba muddin gugan yana gudu. Haka zoben yake riƙe tekunansa. Lissafin ma ba shi da wuya: domin mutum ya ji nauyinsa daidai da yadda yake ji a duniya, zobe mai faɗin kilomita 10,000 sai ya yi gudun kilomita 7 a kowace daƙiƙa, ya kammala zagaye ɗaya cikin kusan minti 75, wato sau 19 a kwana. Gefuna biyu na shimfiɗar kuma an ja musu dogayen katangu don kada iska ta zube waje.

Wurin da aka ajiye zoben farko shi ma yana da hujja. An sa shi tsakanin duniyar gas mai suna Threshold da watanta Basis, a inda jan wannan da jan wancan suke daidaita tafiyar abu. Masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya yi aiki a kan irin waɗannan wurare tun ƙarni na 18, kuma ana amfani da su yau. Madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, yana kewaya ɗaya daga cikinsu, kilomita miliyan 1.5 daga duniya.

Maƙerar da ke bayan gari

Wasan Halo 3 na 2007 shi ne ya nuna inda zobban suke fitowa, kuma a nan hikimar marubutan ta fi bayyana. Forerunner ba su riƙa zuwa wuri-wuri suna ɗora gini ba. Masana'anta suka kafa, masana'antar ke haifar zobba. Sunanta Ark. Tana da rassa takwas da suka baje daga tsakiya, faɗinta ya haura kilomita 127,000, wato kusan ninki goma na faɗin duniyarmu, tana kuma da ranarta ta ƙira da ke haskaka ta daga sama.

An kafa ta ne a wajen gungun taurarin gaba ɗaya, shekarar haske 262,144 daga tsakiyarsa, alhali faɗin gungun kansa kusan shekarar haske 100,000 ne. Dalili biyu ne suka sa haka. Na farko, hasken zobban ba ya kai wa can, don haka aka tara samfurin halittu masu hankali, har da 'yan Adam, aka ajiye su a Ark kafin a harba makamin, daga baya aka mayar da kowa duniyarsa. Na biyu, masana'antar da ke nesa da fagen fama ita ce za ta tsira ta maye gurbin abin da ya lalace. Ƙofar shiga Ark daga duniyarmu kuwa, labarin ya binne ta a Afirka, kusa da garin Voi na ƙasar Kenya, wanda gari ne na gaske a kan hanyar Nairobi zuwa Mombasa.

A tsakiyar Ark akwai ƙaton rami, a cikin ramin kuma akwai wata ƙaramar duniya da aka jawo daga wani wuri. Manyan na'urori suna ɓantarar jikinta suna kai wa maƙerar da ta kewaye ramin, inda ake narkarwa a tace a zuba ƙashin zoben. Daga baya a shimfiɗa ƙasa da duwatsu, a zuba ruwa da iska, a dasa tsirrai. Wasan Halo Infinite na 2021 ya nuna wannan tsari ƙarara a inda zoben Zeta ya karye: ƙarƙashin ciyawa da turɓaya, ginshiƙai ne na ƙarfe masu kusurwa shida jere da juna, wasu sun yi sama sun zama tuddai, wasu sun yi ƙasa sun zama kwari.

Shin ƙaramar duniya guda za ta ishi zobe? Lissafi ya ce za ta isa har ta yi saura. Ko da an ɗauka kaurin zoben kilomita 20 ne a toshe babu rami, abin da zai ci bai wuce kubik kilomita miliyan 200 ba. Ceres, dutse mafi girma a cikin waɗanda ke kewaya rana tsakanin Mars da Jupiter, faɗinsa kusan kilomita 940 ne, kuma jikinsa ya ninka wannan adadi biyu. Watanmu kuwa ya ninka shi kusan sau ɗari. Kayan gini dai ba su ne matsala ba, sararin samaniya cike yake da su. Kuma haƙo su daga ƙaramar duniya mai raunin ja ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗago su daga babbar duniya irin tamu, inda kowane kilo sai an ƙona man roka mai yawa kafin ya fita. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, abu mafi girma da ɗan Adam ya haɗa a sama, nauyinta kusan tan 420 ne kawai, tsawonta mita 109, amma tun daga 1998 sai da aka yi jigila fiye da 40 kafin ta haɗu.

Saurin aikin Ark shi ne abin mamaki. Master Chief, jarumin wasan, ya tarwatsa zoben farko a watan Satumba na 2552 ta hanyar fasa injin jirgin Pillar of Autumn. Da ya isa Ark a watan Disamba na wannan shekara, sai ya tarar da madadinsa ya kusa kammaluwa. Babu wanda ya ba da umarni, domin masu ba da umarnin sun mutu tun shekara 100,000. Masana'antar ce ta sami labarin asarar ta kama aiki da kanta. Da aka harba sabon zoben kafin ya gama haɗuwa, sai ya wargaje ya kuma yi wa Ark ɓarna, amma a wasan Halo Wars 2 na 2017 an ga ta sake fitar da wani.

Ma'aikatan da ba sa gajiya

Babu adadin leburorin da zai ƙera fili mai girman Sahara cikin wata uku. Masu aikin na'urori ne da ake kira Sentinel, kuma iri-iri ne. Akwai ƙanana masu gyara duk inda ya tsage, akwai masu gadi da ke ƙona Flood da haske, akwai manya ƙwarai masu haƙar ma'adinai. Kowane zobe yana da masana'antun da ke ƙera sababbin Sentinel, yana kuma da wakili guda mai ƙirƙirarriyar basira da ke kula da komai. Wakilin zoben farko shi ne 343 Guilty Spark, wanda daga sunansa kamfanin 343 Industries, wanda ya gaji Bungie a kan wasan, ya samo nasa. Ban da su akwai Huragok, halittun ƙira masu shawagi a iska, waɗanda da siraran gashin hannuwansu suke kwance kowace na'ura su mayar da ita cikin ƙiftawar ido, su kuma ƙera 'yan'uwansu idan sun sami kayan aiki.

Wannan ma yana da asali a kimiyya. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna tun ƙarshen shekarun 1940 cewa a ƙa'ida na'ura za ta iya ƙera irinta. A 1980 wani nazarin NASA ya duba yiwuwar sauke masana'anta mai nauyin tan 100 a kan wata, ta riƙa amfani da ƙasar wurin tana ƙera kwafin kanta. Ƙarfin wannan dabara yana cikin ninki. Na'ura ɗaya da ke haifar irinta sau ɗaya a wata, 'ya'yanta ma su yi haka, cikin wata 40 za ta zama fiye da tiriliyan ɗaya. Littafin Ghosts of Onyx na Eric Nylund, wanda ya fito a 2006, ya kai wannan tunani ƙarshensa: duniyar Onyx da 'yan Adam suka zauna a kai, suna zaton dutse ce, ashe jikinta tiriliyoyin Sentinel ne da suka manne da juna.

A nan ne Halo ya amsa tambayar da yawancin irin waɗannan labarai suke tsallakewa, wato yadda gini zai kai shekara 100,000 bai ruguje ba. Dalar Giza ta Masar shekarunta kusan 4,500 ne kawai, kuma tuni ta rasa farin dutsen da ya lulluɓe ta. Zoben yana daɗewa ne saboda gyaransa bai taɓa tsayawa ba. Marubutan sun kuma nuna iyakar wannan tsari. Kaɗaicin dubban shekaru ya taɓa hankalin 343 Guilty Spark, a zobe na biyar kuma, wanda aka gani a Halo 2 na 2004, wakilinsa 2401 Penitent Tangent ya yi sakaci har Flood da aka tsare don bincike ta kuɓuce ta mamaye wurin.

Inda lissafi ya ƙi

Matsala ta farko da kimiyyar yau ba ta da maganinta ita ce ƙarfin abin da za a yi ginin da shi. Zoben da ke gudun kilomita 7 a daƙiƙa yana neman yaga kansa a kowane lokaci. Akwai hanya mai sauƙi ta auna wannan. Ƙarfin da ake bukata daidai yake da na wayar da za a rataya mai tsawon rabin faɗin zoben, wato kilomita 5,000, ba tare da nauyinta ya tsinka ta ba. Wayar ƙarfe mafi inganci ba ta kai kilomita 50 take tsinkewa. Zaren Kevlar da ake rigar sulke da shi yana kai wa kusan kilomita 250. Siraran bututun kabon da ake gwadawa a ɗakunan bincike su ne kaɗai suka kusanci adadin, su ma da ƙyar za su ɗauki nauyin kansu, balle a ɗora musu teku da duwatsu. Shi ya sa injiniya Forrest Bishop, da ya zana zobe mai buɗaɗɗen sama a 1997 bisa ƙarfin waɗannan bututu, ya tsaya a faɗin kilomita 2,000.

Labarin Halo ya cike wannan giɓi da ƙarafan almara da kuma abin da ya kira sandararren haske, wato hasken da ake daskarar da shi ya zama abin takawa. Da shi ake gadojin da ɗan wasa ke kunnawa ya tsallaka rami, kuma a littattafan Greg Bear tsofaffin zobba suna fitar da wasu sanduna na wannan haske daga gefe zuwa tsakiya. Dabara ce mai kyau ga labari, domin gini na iya bayyana ya ɓace yadda ake so, amma babu wani abu makamancinta a kimiyya.

Matsala ta biyu ita ce makamashi. Kowane kilo da aka kai gudun kilomita 7 a daƙiƙa yana cin kusan rabin ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur. Idan aka ɗauka kaurin shimfiɗar kilomita ɗaya ne kawai na dutse, juya zoben kaɗai zai cinye makamashin da dukan 'yan Adam ke amfani da shi a yau na fiye da shekara miliyan ɗaya. Sai dai rana tana fitar da wannan adadi cikin kusan daƙiƙa biyu. Saboda haka duk al'ummar da za ta gina zobe dole ta fara mallakar tauraro. Wannan shi ne tunanin Freeman Dyson a 1960, da ya ce al'umma mai ci gaba za ta kewaye tauraronta da na'urorin tara haske, kuma shi ne mataki na biyu a ma'aunin da masanin taurari na Tarayyar Sobiyet Nikolai Kardashev ya gabatar a 1964. Dyson da kansa ya bayyana cewa tarin na'urori masu kewayawa yake nufi, domin rufaffen ƙoƙo guda ba zai tsaya ba. Forerunner kuwa rufaffen suka gina. A cikin Onyx akwai ƙoƙo mai faɗin kusan kilomita miliyan 300 da tauraro a tsakiyarsa, wanda daga waje bai wuce 'yan mitoci ba.

Wannan ya kawo mu matsala ta uku, jigila. Zoben da aka ƙera a wajen gungun taurari sai an kai shi wurin aikinsa, tafiyar da haske kansa zai shafe fiye da shekara 200,000 yana yi. Labarin ya warware wannan da wani ɓoyayyen sarari da yake kira slipspace, inda nisa ke taƙaita. Abin yabo shi ne Greg Bear bai bar wannan hanya kyauta ba. A littattafansa, wucewar babban abu ta cikinta tana barin bashi da sai sarari da lokaci sun daidaita kafin wani ya wuce, kuma safarar zobba ta cushe hanyoyin daular a daidai lokacin da jiragen yaƙi suka fi bukatarsu. Zobban farko ma guda 12 ne, kowanne faɗinsa kilomita 30,000, wata babbar Ark ce ta ƙera su. Girman nasu ya sa suna da rauni da wuyar ɗauka. Ɗaya ne kawai ya tsira har ƙarshe, wato Zeta, shi ma sai da ya zubar da sassansa ya koma kilomita 10,000. Sauran shida an ƙera su a ƙaramar Ark, wadda aka gani a Halo 3, bisa sabon ma'auni. Ashe su ma Forerunner gwaji da kuskure suke yi.

Wanda ya ba da kwangila

Sashen da ya fi armashi a littattafan shi ne yadda aka yanke shawarar ginin. Daular Forerunner ta ƙunshi duniyoyi miliyan uku, al'ummarta kuma a rabe take bisa sana'ar gado. Akwai Magina, akwai Mahaƙa masu samar da kaya da sarrafa duniyoyi, akwai Masu Kula da Rai, akwai Mayaƙa. Magina su ne a sama, su ke da dukiya da rinjaye a majalisa, shugabansu kuma shi ne Sarkin Magina Faber.

Da barazanar Flood ta bayyana, an kawo shawara biyu. Babban kwamandan Mayaƙa, Didact, ya nemi a gina duniyoyin garkuwa, wato garuruwan yaƙi masu rami a ciki inda jama'a za su fake, sojoji kuma su riƙa fita suna killace cutar wuri-wuri. Requiem da aka gani a Halo 4 na 2012 ɗaya ce daga cikinsu. Faber kuwa ya kawo zobba, makami guda mai share komai, aikin da zai ƙara wa rukuninsa iko ya kuma rage amfanin Mayaƙa. Majalisa ta bi Faber, Didact ya tafi gudun hijira.

Tekuna da dazuzzukan da ke kan zobban su ma daga sulhun siyasa suka fito. Matar Didact, wadda ake kira Librarian, shugabar Masu Kula da Rai, ta nemi a ba ta fuskar zobban da ta Ark ta mayar da su ma'ajiyar halittu. Ta haka makamin kashe rai ya zama gandun adana rai.

Abin da ya biyo baya ya nuna haɗarin bai wa mai gini ikon zaɓen abin da za a gina. Gwajin farko a duniyar Charum Hakkor ya ruguza gine-ginen Precursor, al'ummar da ta riga Forerunner, waɗanda ake ɗauka ba sa lalacewa. Daga baya Faber ya juya zobe a kan al'ummar San'Shyuum don murƙushe tawayensu, laifin da ya kai shi gaban shari'a. Mendicant Bias, ƙirƙirarriyar basirar da aka damƙa wa tsaron daular, ta koma ɓangaren Flood ta kuma kai wa babban birnin daular hari da zobban da aka gina don kare shi. A ƙarshe wanda ya harba makamin shi ne Bornstellar, matashin da aka haifa cikin Magina ya kuma gaji tunani da muƙamin Didact.

Hukunci

Idan aka tattara, tsarin ginin Forerunner yana da matakai biyar: a mallaki makamashi mai yawan na tauraro, a jawo ƙaramar duniya a matsayin ma'adini, a bar na'urori masu haifar kansu su yi aikin, a ƙera a masana'anta ɗaya bisa ma'auni ɗaya, a kuma bar wa kowane gini masu gyaransa na dindindin. Dukkan waɗannan masana sun tattauna su da gaske, kuma babu wanda ya saɓa wa dokokin kimiyya, ko da yake sun fi ƙarfin fasahar yau nesa. Manyan abubuwan da suke almara zalla su ne ƙarfen da zai riƙe zoben, da sandararren haske, da hanyar da ta fi haske sauri.

Ya kamata mai wasa ya tuna cewa abin da yake takawa a allo fili ne na 'yan kilomitoci, sauran zoben da yake gani a sama hoto ne da masu zane suka shimfiɗa. Abin da ya sa zoben ya zauna a zuciya kamar gaske shi ne tsarin da aka gina a bayansa, domin yana da maƙera, da ma'adini, da ma'aikata, da kurakuran ƙira, da rikicin majalisa. Ta wannan fuska Halo ya zarce takwarorinsa, kuma malamin kimiyya zai iya koyar da darasin juyawa da nauyi da ƙarfin kaya da zoben nan kaɗai.

Game da su Forerunner kuwa, labarin bai yi musu sassauci ba. Sun iya kwance duniya su mayar da ita zobe cikin watanni, amma sun kasa hana rukuni guda mai ƙarfi karkatar da shawarar daula zuwa ga abin da zai amfane shi. Gwanintar gininsu ba ta da tamka, shugabancinsu ne ya gaza, kuma shi ya hallaka su.